Ƙwayar da Ba Ta Bin Jini

Ƴata ta fari a hannun Yaya ta tashi. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kamar yadda mahaifiyarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba har ta koma ga Allah. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi a Dakoro: ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ki kau da kai ki bar wata ta ɗaga shi. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan", kowa kuma ya san wadda nake nufi.

Ana yaye ta aka tura ni koyarwa wani ƙauye a yankin Birnin Lalle. Yaya, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, sai manya suka ce a ba ta yarinyar ta riƙa. Ba a tambaye ni ba. Ko an tambaye ni ma ba abin da zan ce, don uwar da ta nuna tana son ƴar farinta ta zama abin nuni a unguwa. Na ɗaure kayana na hau motar kasuwa, gaban rigata a jiƙe da nonon da bai gama ƙafewa ba.

Lokacin da aka maido ni Dakoro yarinyar ta riga ta shiga lakwal, wato makarantar boko. Yaya take ce wa Inna, ni kuma Tanti. Maza ne suka biyo bayanta a cikina, ina son su, amma ba wanda zai zauna in yi masa kitso. Lakwal ɗaya muke da ita, ina koyar da ƙanana tana ajin manya, ta taga nake leƙenta in an fito hutu. Tafiyarta tawa ce, wushiryarta tawa ce, har yadda take murguɗa baki in an ɓata mata rai nawa ne. Sai na ƙudurta a raina cewa in ta gama ajin ƙarshe za ta shiga kwaleji, zan ajiye kunyar nan gefe in ce Yaya ta ba ni ita. Ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana.

A shekarar da take ajin ƙarshen ne masu bincike suka zo daga Yamai. Mai unguwa ya tara mu mata a ƙofar gidansa. Shugabarsu wata likita ce, doguwar Bazabarmiya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwarmu, shi ke yi mata tafinta. Suka ce ba rigakafi suka zo yi ba, wannan an riga an yi. Abin da suke son sani shi ne inda ƙwayar sanƙarau take ɓuya lokacin da ba wanda ke ciwo. Mu a tunaninmu zafi ke kawo ta daga wani wuri. Ashe tana nan tare da mu, can ƙarshen maƙogwaron mutane masu lafiya ƙalau, daga nan take tsallakawa daga wannan zuwa wancan, sai jefi-jefi ta faɗa wa wani ta kwantar da shi.

Likitar ta faɗi sunan da ake kiran irin waɗannan mutane da Faransanci. Majo ya tura hularsa baya ya sosa kai yana neman Hausarsa.

"Wato akwai masu riƙonta," in ji shi. "Ba su sunka haihe ta ba, amma wurinsu take kwana, wurinsu take tashi, kuma ba ta cuta musu."

Mata suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta nuna Yaya da baki ta ce, "To ga gwanar riƙo nan zaune, ku hwara da ita." Yaya ta fi kowa dariya, har da share hawaye da bakin mayafi. Ni ban ga abin dariya ba.

Da ƙuri'a aka zaɓi gidajen da za a shiga. Gidan Yaya ya fito, nawa bai fito ba. A wurinsu gida shi ne mutanen da ke cin tukunya ɗaya suna kwana a rufi ɗaya, saboda haka yarinyar nan ta gidan Yaya ce, ba wata gardama.

Ranar da suka je gidan Laraba ce da yamma, ba lakwal. Na tafi aron rariya, alhali ina da rariya a rataye a ɗakin girkina. Na tarar sun shimfiɗa kayansu a gindin itacen bedi: tsinkaye dogaye masu auduga a kai, da ƴan katakai masu faɗi na danne harshe, da ƙananan farantai masu murfi da wani abu a ciki kamar kunun da ya daskare. Za a goga audugar a can cikin maƙogwaro, a shafa a farantin, a rufe, a ruga da shi Maradi kafin rana ta faɗi, a ajiye a wuri mai ɗumi a ga abin da zai tsiro. Majo ya ce ba a sa shi a ƙanƙara, don ƙwayar raguwa ce in ta bar jikin mutum, sanyi kaɗan ke kashe ta.

Da aka zo kan yarinyar, likitar ta yi tambaya. Na ji ta sarai tun kafin a fassara, don da Faransanci nake koyarwa. Majo ya san mu duka, ya san wadda ta yi naƙuda, don haka ƙasa ya kalla ya ce, "Ta ce wacce ce uwatta, a ba da izini."

Na sunkuyar da kai ina duban ramukan rariyar da ke hannuna. Tsakar gidan cike take da matan maƙwabta.

"Ga ni," in ji Yaya. Ta miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada ta dangwala.

Yarinyar ta buɗe baki, aka danne harshe, tsinken ya shiga. Ta yi kakarin amai, hawaye ya zubo, ta miƙa hannu tana lalube. Na fi kusa da ita, tsakanina da ita bai kai kamu ɗaya ba. Ta wuce ni ta damƙi zanen Yaya, ta cusa fuskarta a cikinta. Na dawo gida da rariyar, na jefa ta kan randa, ranar tuwon da na yi duk gudaji ne.

Bayan ƴan makonni motar masu binciken ta dawo ƙofar gidan Yaya. Wannan karon ban nemi abin aro ba, na dai tafi. An samu ƙwayar a mutum biyu, Yaya da yarinyar nan. Mijin Yaya ba shi da ita. Shi dama dillalin dabbobi ne, rabin kwanansa a kasuwannin Kornaka da Bader Goula yake yi, har Yaya ta ce masa in ana son a san da wa yake numfashi sai dai a duba maƙogwaron raguna.

Da farko tsoro ne ya kama ni. Ina yarinya na ga yadda sanƙarau ya sandare wuyan wata ƙawata, da safe muna ƴar gala-gala, ba ta kai jibi ba. Likitar ta lura da fuskata ta jawo ni gefe, muka yi magana da Faransanci. Ta ce mafi yawan masu riƙon ƙwayar ba sa taɓa yin ciwon, jiki ma koyon faɗa da ita yake yi, kuma yarinyar ta samu rigakafi. In dai an ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, a ruga asibiti kada a jira. Su kuma za su riƙa zuwa wata-wata su ga tsawon zaman da za ta yi da kuma wanda za ta koma wa. Hankalina ya kwanta. Tsoron na fita wani abu ya shigo ya zauna a wurinsa.

Tambayoyinsu ne suka jawo. Suna son su san yadda ƙwayar ke bi a cikin gida, don haka sai sun ji wa ke kwana da wa, wa ke shan ludayi ɗaya da wa, wa ke zama cikin hayaƙin murhu. Yaya kuma in an tambaye ta ɗaya sai ta ba da goma.

"Gado guda muke kwana," in ji ta. "In ba ta ɗora ƙahwa bisa cikina ba, ba ta barci. Hura kuwa ba ta sha sai na hwara kurɓa, wai ni ka gane in ta yi tsami. In tana mura, bisa ƙirjina take kwana, majinarta duk a wuyana."

Majo na fassarawa, likitar na gyaɗa kai. Ni da na ɗauki cikin yarinyar nan, na yi naƙudarta har na fita hayyacina, ban san tana ɗora ƙafa a cikin mutum kafin ta yi barci ba. Sai da baƙi suka zo daga Yamai na ji, ni ma a tsaye a bayan mutane kamar ƴar kallo. Kishi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi kishin gadon, na yi kishin ludayin, na yi kishin majinar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da can in na ga su tare sai in ce a zuciyata, riƙo ne kawai, abin da ke cikin jikinta nawa ne. Yanzu ga wani abu a can cikin jikinta wanda ita da Yaya kaɗai ke da shi.

Da za su tafi na tare likitar a bakin mota na ce ni ma a duba ni. Ta ce gidana ba ya cikin waɗanda ƙuri'a ta fitar, kuma in suka fara ɗaukar duk wanda ya kawo kansa aikin ya lalace.

Na ce mata, "Ni na haife ta."

Wannan ne karo na farko da maganar ta fito daga bakina, kuma da Faransanci ta fito, don da Hausa ba zan iya ba.

Ta dube ni ta ce, "Na sani, Madam, fuskarku ɗaya. Amma wannan ƙwayar ba ta bin jini, numfashi take bi. Wanda yake kusa da mutum shi take kamawa."

Da tausasawa ta faɗa, har da dafa kafaɗata. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta ko bai fi kyau a raba yarinyar da gidan ba, tunda can ƙwayar take. Ta ce a'a, ba amfani, ƙwayar za ta bi ta duk inda ta je har lokacin da jikinta zai kore ta da kansa. Na yi mata godiya ina cizon leɓe.

A makon nan darektan lakwal ya ce tunda ni na fi kowa hira da likitar, in yi wa yara bayani da safe a gindin tuta. Na yi, kuma na yi da kyau. Na ce musu ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro take zama, ta tari da atishawa da yawu take fita. Mai tari ya rufe baki. Kada a sa baki a moɗa ɗaya ko ludayi ɗaya. Kada a cunkushe a gado ɗaya fuska da fuska. Na ce in kana ganin girman mutum, ba ka yi masa numfashi a fuska. Gaskiya rabin maganar da Yaya nake, ina so a kai mata gida. Yarinyar nan na tsaye a layin ajinsu, hannu a baya, ba ta ko ƙifta ido.

Watanni suka yi ta wucewa, motar na zuwa ƙofar gidan Yaya. Abin ya zame musu kamar biki. Yaya ta share tsakar gida, ta dama wa baƙinta fura, ita da yarinyar su yi ta musun wa zai fara kakarin amai. In sakamakon watan baya ya zo aka ce har yanzu tana nan, sai Yaya ta shafa wuyanta ta ce, "Ɗiyar riƙona ta biyu ba ta son tahiya." Su yi dariya su tafa. Mata a bakin rijiya suna ce musu masu baƙin Yamai. Ni kuwa in na ji ƙarar motar daga aji sai in fara yi wa yara tsawa ba dalili.

Maigidana ya gane, don shi ke cin tuwon. Wata rana ya ce, "Mutane na roƙon Allah shi raba su da cuta, ke kina hushi an hana miki."

Na ce, "Ci tuwonka, ba da kai nike ba."

Ana cikin haka wani bijimi ya take mijin Yaya a kasuwar Kornaka ya karya masa cinya. Aka wuce da shi babban asibitin Maradi, dole Yaya ta bi shi jinya. Lakwal ba ta yi hutu ba, ga jarrabawa na matsowa, ba yadda za a tafi da yarinyar. Yaya da kanta ta kawo mini ita da ƙullin kayanta a ka.

"Ga ajiya," in ji ta.

Ajiya. Na haɗiye kalmar da ƙyar. Na ce, "Allah shi ba shi lahiya. Yaya, in kin komo ina da magana da ke."

"To," in ji ta, ta juya da sauri don motar Maradi na jira.

Tun da aka yaye ta ba ta taɓa kwana a ɗakina ba. Na ce wa kaina wannan ita ce damata, kuma abu biyu nake so. Ina so ta saba da ni har in Yaya ta dawo maganar ta zo da sauƙi. Ina kuma so ƙwayar nan ta kama ni. Na san ni malama ce, na san abin da na tsaya na faɗa a gindin tuta, amma haka nake so, kuma har yau ban ga abin kunya a ciki ba.

Na kori maigidana zuwa ɗakin yara maza. Na sayo nono mai kyau wurin wata Bafillatana, na dama fura a ƙwarya ɗaya na sa ludayi ɗaya, na kurɓa na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye, ta tashi ta kwance ƙullinta ta ciro wani kofin roba, ta tsiyaya a ciki ta koma bakin ƙofa ta sha. Ta wanke kofin ta mayar cikin ƙullin. Na shimfiɗa mana gado ɗaya, da asuba na tarar da ita can ƙarshe ta juya wa bango fuska, ta naɗe ƙafafunta kamar mai tsoron kada su taɓa ni. Washegari a ƙasa na tarar da ita kan tabarma. In na yi mata magana takan durƙusa ta amsa, amma fuskarta a gefe. Ƙannenta ma ba ta yarda su hau jikinta, in ƙaramin ya zo sai ta ba shi abin wasa ta matsa.

Na ce lalle Yaya ta ja mata kunne kafin ta tafi. Na zauna ina ƙirƙiro maganganun da ta faɗa mata: kada ki saki jiki, kada ki ci da ita, can ba gidanku ba ne. Na yi ta faɗa da Yaya a zuciyata ina tsinke zogale, ina ba ta amsoshin da ban taɓa iya ba ta a fili ba.

Ranar wata Lahadi na ce ta zo in yi mata kitso. Ta zauna tsakanin gwiwoyina, na tsefe, na shafa mai, gashin irin nawa ne mai cika da taurin tsiya. Na ja kitson da gangan don ya daɗe. In na zo gaban goshi sai in sunkuyo har hancina ya kusa taɓa nata, ita kuma ta jawo bakin kallabin da ke cinyarta ta toshe baki da hanci. Na ba ta labarin ƙauyen da na koyar, yadda wata akuya ta shigo aji ta cinye taswirar Nijar daga wajen Agadas, yara suka ce ai dama can ba ciyawa, yunwa ce ta kai ta. Ta tuntsire da dariya, kallabin ya faɗi, na ji ɗumin numfashinta a fuskata. Nan take ta dafe bakinta da hannu biyu, idanunta suka fito, ta tashi da rabin kitso ta fita waje ta ƙarasa dariyar a bayan ɗaki. Na zauna da mashaci a hannu, raina a ɓace, ina cewa ko dariya ba a yarda ta yi da ni ba.

Lokacin zuwan masu binciken ya yi tana gidana, sai suka biyo ta. Likitar ta ce tunda yanzu nan take ci nan take kwana, in mun yarda za su duba mu duka, don su ga ko ƙwayar ta samu sabon masauki. Ban bari ta ƙarasa ba na zauna kan kujerar. Na buɗe baki tun ba a ce in buɗe ba, tsinken ya shiga ya fita ban ko motsa ba.

"Madam, tunda munka hwara aikin ga ba a taɓa ba mu maƙogwaro da sauri haka ba," in ji majo.

Na bi farantin da ido har aka rufe shi aka sa a akwati. A kwanakin da suka biyo in na idar da salla ina tuna shi, can Maradi a wuri mai ɗumi, ina fatan wani abu ya tsiro a kansa. In na ji maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi sai in ji daɗi. Na shirya yadda zan shafa wuyana a gaban Yaya in ce ni ma tana nan, daga nan in shiga maganar da na ce ina da ita.

Yaya ta dawo da mijinta yana dogara sanduna. Da ta zo ɗaukar yarinyar na ce ta bari sai ranar da masu binciken za su kawo sakamako, tunda nan za su zo. Ta dube ni ta ce to. Ranar ta zo da yamma ta zauna kan tabarmata, yarinyar na gefe tana ta satar kallonta, ƙullin kayanta a ɗaure tun safe.

Likitar ta faɗa, majo ya fassara. Yarinyar har yanzu tana da ita. Ƙannenta babu. Maigida babu. Sai ya dube ni ya ce, "Madam, ke ma babu. Maƙogwaronki tas."

Ban samu na ce komai ba, don yarinyar ce ta riga ni. Ta miƙe tsaye, fuskarta ta washe, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Tanti, kin gani ko? Duk abin da kinka ce a lakwal na yi. Ban sha ludayinki ba, ban yi miki numhwashi a huska ba. Ranar kitso ce kaɗai na manta, na yi ta tsoro ko na sa miki."

Majo ya fassara wa likitar, ta tafa mata ta ce da duk yara haka suke da aikinsu ya yi sauƙi. Yaya ta riƙe haɓa tana mamaki, na ga a fuskarta ba ta san komai a kai ba. Ba ita ta ja mata kunne ba.

Na ce, "To ita Innar taki hwa? Ita ba ki tsoron sa mata?"

Ta dube ni kamar na yi mata tambayar da ba ta cikin darasi. "Ai Inna Inna ce," in ji ta.

Tana tsaye tana jiran abin da zan ce, irin jiran da ɗalibi ke yi in ya kawo aikin da ya san ya yi daidai. Duk tsakar gidan ni ake kallo. Na ce, "Kin kyauta. Allah shi yi miki albarka." Ban taɓa sa mata albarka a gaban mutane ba sai ranar.

Ta yi murmushi ta koma wurin Yaya ta zube a jikinta. Yaya na riƙe da moɗar ruwan da na kawo mata, ta sha rabi, yarinyar ta karɓe daga hannunta ba tambaya ta shanye sauran. Kishin nan ya taso mini har wuya, kuma bai sauka ba, har yanzu da nake wannan rubutu yana nan.

Masu binciken suka tattara kayansu suka tafi. Yaya ta tashi tana gyara mayafi, ta ce, "Kin ce kina da magana da ni."

Na dubi yarinyar, ta riga ta ɗora ƙullin a ka, ɗayan hannun na riƙe da bakin zanen Yaya.

Na ce, "Kitson ga ne. Kada ki tsehe mata shi da wuri, na sha wuya kahin in gama."

"Shi ke nan maganar?"

"Shi ke nan."

Na raka su har bakin ƙofa. Da sakamakon jarrabawa ya fito ta ci, kuma daga gidan Yaya ta shiga kwaleji.